Labulen Situdiyo ko Bangon Baje Koli: Mai Hoto a Malanville

Malanville gari ne na fatake. Albasa da shinkafa da masara da kifi su ne arzikinsa, sai manyan motocin da suka saba taso kaya daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano su nufi Yamai, su tsaya a bakin kogin Kwara suna jiran a buɗe musu gadar da ke kai wa Gaya. Kasuwarsa na cikin manyan kasuwannin ƙasar Benin, kuma a rumfa guda za ka ji Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fillanci, Faransanci kuwa sai an zo wajen takarda. Matashin da ya tara kuɗi ya sayi kyamara a irin wannan gari, hanya biyu ce ke kiransa. Ko dai ya kama shago, ya rataya labule, ya jira masu son hoto, ko kuma ya sa wa ransa cewa wata rana hotunansa za su hau farin bango a Kwatano ko Bamako, baƙi su tsaya suna kallo da hannu a baya. Samarin da suka yi boko sun fi ɗaukar ta biyun da daraja. Ni ina da ja a kan haka, ko da yake ba duka ba.

Aikin shago kowa ya san shi, shi ya sa ake raina shi. Ɗaki ne ɗan ƙarami kusa da tasha ko bakin kasuwa, da labule mai zanen bene ko lambu, da kujerar roba da fulawar roba, da madubi da mataji da hoda a gefe. Da safe ɗan makaranta ya zo a yi masa hoton jarrabawa, huɗu a takarda guda. Da hantsi direba ya zo, lasisinsa ya ƙare. Ranar Sallah layi har waje, 'yan mata uku-uku cikin anko, samari da tabarau na aro. Ran biki kuwa mai hoto ba ya zama. Uwar amarya za ta jawo shi gefe ta ce, "Ɗana, ka tabbata lallen nan ya fito, kuma kada ka bar ƙanwata a baya." Shi kuma ya ce, "An gama, Hajiya." A wannan ciniki mai kuɗi shi ne alƙali. In ta ce a ƙara mata haske, a ƙara. In ta ce a goge kishiya daga gefen hoton, a goge.

Sai dai sana'ar ta daɗe tana zaizayewa. Tun shekarun 1980 injinan wankin hoto mai launi suka karya masu wanke baƙi da fari da hannu a ɗakin duhu, kowa da ƙaramar kyamara ya zama mai hoto. Daga baya wayar salula ta zo ta kwashe abin da ya rage na hoton yau da kullum. Hukuma ma ta shiga gonar: tun rajistar jama'a ta RAVIP da Benin ta fara a 2017, ma'aikaci ne ke ɗaukar fuskar mutum da yatsunsa kai tsaye a na'ura, abin da ya rage wa hoton katin shaida kasuwa. Sannan ga siyasa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, aka gindaya kwantena a kan gada, motoci suka yi layi na kilomitoci. Benin ta buɗe nata gefen a 2024, Nijar ta ƙi buɗe nata, jama'a suka koma kwale-kwale. Garin da ke ci daga wucewar kaya, in kaya ya tsaya, biki ma raguwa yake yi, kuma mai hoto na cikin waɗanda ake fara yankewa daga lissafi, kafin mai abinci da mai kiɗa.

Ga wanda ke cikin wannan hali, labarin baje koli kamar ruwan sanyi ne. Kuma ba tatsuniya ba ne. Gidauniyar Zinsou ta buɗe a Kwatano a 2005, ta ƙara gidan adana kayan fasaha a Ouidah a 2013. Bikin hotuna na Bamako yana gudana tun 1994, LagosPhoto tun 2010. A 2022, bayan Faransa ta maido da kayan sarautar Abomey guda 26, gwamnati ta baje su a fadar shugaban ƙasa tare da ayyukan masu fasaha na zamani, mutane suka yi ta tururuwa. A 2024 Benin ta samu rumfarta ta farko a babban baje kolin Venice na Italiya, kuma cikin mutum huɗun da suka wakilce ta akwai mai hoto, Ishola Akpo. Duk wannan gaskiya ne. Amma duba taswira: daga Malanville zuwa Kwatano ya haura kilomita 700, kwana guda cur a bas, ta Kandi da Parakou. Kuma nisan ba na hanya kaɗai ba ne. Kafin a karɓi aikinka sai ka rubuta bayaninsa da Faransanci irin na jami'a, ko ma da Ingilishi, ka aika ta intanet kafin wa'adi ya cika, ka san wanda zai ambaci sunanka a inda ake zaɓe. Buga hoto babba a takarda mai kyau da sa masa firam, kuɗinsa na iya cinye ribar biki biyu ko uku. In an sayi guda, gidan baje kolin zai cire kasonsa, wanda galibi rabi ne. In ba a saya ba, ka koma gida da suna da bashin mota.

Abin da ya fi damuna da wannan hanya shi ne, wanda ya gudu daga umarnin Hajiya bai tsira daga umarni ba, ubangida kawai ya canza. Mai tsara baje koli shi ma yana da abin da yake so daga Malanville, kuma kusan kowa zai iya faɗinsa: kwale-kwale cike da buhuna da babura yana tsallaka kogi da asuba, direbobi kwance ƙarƙashin tirela, soja a bakin gada, da labarin 'yan bindigar da ke kai hari a jihar Alibori daga gandun dajin W. Waɗannan abubuwa suna nan, ba ƙarya ba ne, ko da yake ɗaga kyamara kusa da gada a kwanakin nan na iya kai mutum ofishin jandarma. Amma mutumin Malanville ba haka yake so a tuna da shi ba. Ya fi so a gan shi ranar da ya sa shaddarsa mai maiƙo. Hajiya tana biya ne don a nuna ta yadda take ganin kanta, baƙo kuma yana biya don a nuna masa garin yadda ya riga ya zata. Tsakanin ƙaryar hoda da ƙaryar tausayi, ta farkon aƙalla mai fuskar ce ta zaɓa.

Wani abin mamaki kuma, manyan hotunan Afirka ta Yamma da ke bangon Turai a yau da yawansu daga gaban labulen shago suka fito. Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, yana ɗaukar matan 'yan kasuwa da ma'aikata da rediyo ko agogo ko babur na aro. Da aka fara nuna hotunansa a New York a 1991, ko sunansa ba a sa ba, an rubuta cewa ba a san mai ɗaukar ba, sai da mai tsara baje koli André Magnin ya bi sawu har Bamako ya samo shi. Malick Sidibé yawon gidajen rawa na samari yake yi da dare, da safe ya manna ƙananan hotuna a kwali, waɗanda suka yi rawar su zo su zaɓa su biya. Shi ne aka ba lambar yabo ta Zakin Zinare a Venice a 2007. A nan Benin ma, Leonce Raphael Agbodjelou na Porto-Novo, wanda hotunansa na dodannin Egungun suka zagaya duniya, a shagon mahaifinsa Joseph Moïse Agbodjelou ya koyi aiki. Ba wanda ya zauna cikinsu ya rubuta bayanin fasaha kafin ya danna. Abin da suke da shi shi ne dubban fuskoki da suka yarda da su, da ido da ya goge saboda yawan aiki, da fim da suka adana cikin akwati.

Kiɗa shi ne inda hanyoyin biyu ke haɗuwa, kuma a nan ne nake ganin matashin Malanville ya fi kowa dama. Kowane garin iyaka yana da mawaƙan da rediyo ba ta san da su ba: samari masu rap da Dandanci da Hausa da Faransanci a haɗe, masu waƙar soyayya irin ta finafinan Kano, masu yabon Manzo da fiyano, suna naɗa a ɗaki guda da kwamfuta da katifa jingine a bango don ta tare ƙara. Waƙar tana yawo ta wajen masu tura waƙoƙi a memori da WhatsApp da TikTok. Kowannensu yana bukatar hoton fasta da na fuskar waƙa, kuma kusan ba mai kuɗin biya. "Abokina, ka yi mini, in na fashe ba zan manta da kai ba." Mai shago na gaske zai ce wannan ɓata batir ne. Amma tarihi ya nuna abin da irin wannan aikin ke zama. Sanlé Sory na Bobo-Dioulasso, mai situdiyon Volta Photo, shi ke ɗaukar ƙungiyoyin kiɗa irin su Volta Jazz don bangon faifai, kuma hotunan nan ne suka kai shi manyan gidajen baje koli bayan ya tsufa. Lokacin da kamfanin Analog Africa ya sake fitar da waƙoƙin Super Borgou na Parakou a 2012, masu waƙa da Barbanci da Dandanci, sai da aka nemi tsoffin hotunansu don a san fuskokin masu muryar. Haka faifan da kamfanin Sahel Sounds ya tattara daga wayoyin mutanen Sahara a 2011 ya taimaka wajen fito da Mdou Moctar na Nijar. Mai tsara baje koli daga waje ba zai taɓa samun shiga ɗakin nan mai katifa ba. Ɗan unguwa kuwa a nan yake shan shayi.

Kada dai a ɗauka suna yana ciyarwa. Philippe Koudjina a Kwatano aka haife shi a 1940, ya koma Yamai yana saurayi, ya zama idon daren birnin a shekarun 1960 da 1970: mashaya, gidajen rawa, sojoji, 'yan mata da gajeren siket. An nuna aikinsa a Bamako da Turai, masana sun yi rubutu a kansa. Ya rasu a Yamai a 2014 cikin talauci, idonsa ya raunana. Shago ya daina riƙe shi da zuwan hoto mai launi, bangon baje koli kuma ya zo a makare, bai kawo abin kirki ba.

Akwai kuma maganar amana, wadda masu sha'awar baje koli ba su cika tsayawa a kanta ba. Matar da ta zauna gaban labule a 1955 ba ta san jikokin Turawa za su yi cinikin fuskarta ba. A Malanville ta yau abin ya fi haka zafi, domin hoton da aka rataya a Kwatano da yamma, kafin sallar Isha ya iso wayar mijinta. Yarinyar da aka ɗauka tana rawa a wani taron mawaƙa na iya rasa aure a kansa. Mai hoton da ke zaune a gari zai haɗu da wanta a masallaci gobe, saboda haka dole ya nemi izini, ya kuma karɓi a'a. Wannan takura ce, amma ita ce ke sa a sake buɗe masa ƙofa.

Idan aka auna, ni na fi karkata ga shago, da sharaɗin kada mutum ya yi aikin kamar injin. Ya yi hoton jarrabawa da na biki ya ci abinci, ya bi mawaƙan dare da ragowar ƙarfinsa, ya aika aiki Bamako ko Kwatano idan dama ta samu ba tare da ya sayar da fitilarsa don kuɗin mota ba. Inda na ga samarin yanzu sun fi na da rauni shi ne ajiya. Fim ɗin Keïta ya yi shekara talatin zuwa arba'in a akwati yana jira. Na yanzu kuwa a memori guda ake ɗaukar biki goma, da ta cika a goge a ɗora na gaba, abin da ya tsira sai wanda WhatsApp ya matse har fuska ta dushe. Ga zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ƙone kwamfuta. Faifan ajiya na kwamfuta biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, da littafin da ake rubuta sunan wanda aka ɗauka da unguwarsa da ranar da aka ɗauka, kuɗinsu bai kai na firam huɗu a Kwatano ba.