Ma'aikacin zango da digirin diflomasiyya: karatun bayan tashi daga aiki

Duk wanda ya taso a Nima, Mamobi ko zangon Kumasi ya san hulɗa da baƙo tun yana yaro. Muna jin Hausa da Tuwi, wasunmu na jin Larabci, wasu sun tsinci Faransanci a hanyar Paga da Aflao. Amma in aka zauna teburin da ake yanke shawara kan iyaka da fatauci, sau da yawa ɗan zango tafinta ne kawai. Abin da ya rage mana shi ne takarda, kuma a ganina ma'aikatanmu ne suka fi kusa da samunta.

A nan Gana akwai inda ake wannan karatu. Cibiyar LECIAD da ke Jami'ar Gana a Legon, wadda aka kafa a 1989 bisa buƙatar Ma'aikatar Harkokin Waje, tana ba da digiri na biyu kan harkokin ƙasa da ƙasa. A Teshi kuma akwai cibiyar horar da masu kiyaye zaman lafiya mai sunan Kofi Annan, wadda ke da digiri na biyu kan rikici da zaman lafiya da tsaro, har da tsari na musamman don waɗanda ke bakin aiki.

Me ake koya? Dokar ƙasa da ƙasa, tattalin arzikin duniya, sasanta rikici, da yadda ake rubuta wa minista bayani a shafi ɗaya ba tare da dogon surutu ba. Za ka karanta Yarjejeniyar Biyana ta 1961, wadda ta fayyace kariyar jakadu, da ta 1963, wadda ta ba ɗan ƙasa da aka tsare a waje damar a sanar da ofishin jakadancinsa. Mai 'yar'uwa da ke aikatau a ƙasashen Larabawa ya san wannan ba zancen littafi ba ne.

Ga kuma batun kasuwa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba mu damar shiga ƙasashen juna har kwana 90 ba biza. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. To, albasar da ke zuwa mana daga Nijar fa, da shanun Burkina? Wani ne zai zauna ya tattauna makomarsu, kuma gara a ce cikin masu zaman akwai wanda ya taɓa kwana a kan iyaka da motar kaya.

Na ji masu cewa, "Ai na tsufa da komawa aji." Kofi Annan ya fara aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya a 1962, sai a 1971 ya koma karatu a jami'ar MIT ta Amurka. A 1997 ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ga kuma Dakta Muhammad Ibn Chambas, wanda ya jagoranci ECOWAS daga 2002 zuwa 2010.

Ba zan ɓoye maka ba, da wahala. Na yi nawa karatun ina aiki, na san yadda ido ke nauyi a kan littafi bayan sallar isha'i. Za ka rasa wasu bukukuwan aure da suna, kuɗin makaranta kuma zai taɓa cefane. Digirin ma ba ya mayar da mutum jakada, don shiga aikin jakadanci na da tasa ƙofar. Sai dai ma'aikacin kwastan, ɗan jarida, malamin makaranta da mai hidimar alhazai duk za su ga amfaninsa a inda suke.

Kafin ka biya ko sisi, tabbatar hukumar GTEC ta amince da makarantar. Ka sami izinin maigidanka a rubuce, ka zauna da iyalinka ku yi lissafi. In kana da Larabci ko Faransanci, ka goge shi ka nemi takardar shaida, don sakatariyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka tana nan Akra tun 2020, kuma harsunan nan biyu na cikin waɗanda Tarayyar Afirka ke aiki da su.