Kafin ka buɗe kwalbar maganin feshi, dubi gindinta

Wake ya fara fure, tsutsa ta taso, kowa ya saɓi famfon feshi. Magunguna kuwa sun cika kasuwa, wasu daga Maraɗi, wasu sun ƙetaro iyaka ta wajen Jibiya. Yau za mu yi magana a kan takardar da ke manne jikin kwalba, domin yadda aka zana ta shi ke sa mutum ya ji tsoron magani ko ya raina shi.

Ka lura da kanka. In ka ga jan launi da ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye, hannunka ma ja da baya yake yi. Amma in ka ga hoton tumatir jajir, gargaɗin kuma an rubuta shi ƙanana-ƙanana da Faransanci ko Ingilishi can a baya, sai ka ɗauka abin ba komi ba ne. Mai sayarwa hoton yake so ka gani. Guba kuwa ba ruwanta da hoto.

Tun 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan ƙwari aji-aji bisa ƙarfin gubarsu. Daga baya Hukumar Abinci da Noma ta Duniya, wato FAO, ta ba da shawara a riƙa ja layi mai launi a gindin takarda, don wanda bai yi boko ba shi ma ya gane. Ga ma'anarsu:

Ja: guba mai tsanani ƙwarai. Kaɗan ta isa kisa.
Ruwan ɗorawa: guba mai ƙarfi.
Shuɗi: gubarsa da dama-dama, amma a yi hattara.
Tsanwa: haɗarinsa kaɗan ne in an bi ƙa'ida.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna cewa ja kaɗai ne abin tsoro. Ba haka ba ne. Maganin ciyawan nan paraquat ajin ruwan ɗorawa yake, amma wanda ya sha shi huhunsa yake lalacewa, kuma har yau ba shi da makari. Shi ya sa aka hana shi a ƙasashen ƙungiyar CILSS tun 2011. Tsanwa ma ba ta ce ka dama magani da hannu ba. Launi yana faɗin gubar da ke kamawa nan take ne, bai faɗi abin da ke taruwa a jiki shekara da shekaru ba.

A cikin layin nan za ka ga ƙananan zane-zane: safar hannu, takalmin roba, ƙyallen rufe hanci, akwati da kwaɗo, mutum yana wanka, ko kifi. Ba ado ba ne. Kwaɗo na nufin ka kulle magani inda yaro ba ya kaiwa. Kifi na nufin kada ka wanke famfo a gulbi ko tabki, kamar na Madarunfa. Wanda ba ka gane ba, ka tambayi malamin gona.

Haɗari mafi girma shi ne maganin da aka juye cikin kwalbar lemo ana sayarwa awo-awo, kamar fiya-fiya. Ba takarda, ba launi, ba suna. Sinadarin dichlorvos da ake yawan samu a ciki yana cikin ajin guba mai tsanani. Yaro ya gani ya ce abin sha ne. Haka ƙwayar Phostoxin da ake sa wa wake: ƴar ƙarama ce, amma iskar da take fitarwa tana kashe mai kwana a ɗakin. Buhun PICS mai ruɓi uku yana adana wake ba tare da magani ba.

Sai kuma sabo. Wanda ya shekara goma yana feshi ya daina duba takarda, yana cewa ya san abin. Sabo turken wawa ne.

Saboda haka, ka sayi magani a kwalbarsa ta asali, mai lambar izinin Kwamitin Sahel na Magungunan Ƙwari, wato CSP. Ka dubi launi da zane kafin ka biya kuɗi. Kada ka zuba ruwa ko mai a kwalbar da ta ƙare, ka huda ta. In wani ya ji jiri, ko amai, ko yawu na zuba bayan feshi, a cire masa tufa, a wanke shi da sabulu, a kai shi gidan likita nan da nan tare da kwalbar. Kada a tsaya ba shi madara ko manja.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ci amfaninta da lafiya.