Salula mai ƙirga sawun garke

A birni, masu motsa jiki suna kunna GPS na salula don su san kilomita nawa suka taka da safe. Ni da nake aikin lafiyar bisashe tsakanin Dakoro da Bermo, na ga makiyayi ya fi su buƙatar wannan lissafi, domin tafiyar da garke ke yi da rani ita ke cinye naman da ya tara da damina.

Tambayar da ƴan ƙungiya suka fi yi mini ita ce: "In babu rezo fa?" GPS ba ya buƙatar rezo. Salula tana karɓar sigina kai tsaye daga taurarin ɗan adam, aƙalla 4, ta gane inda take, kuma a fili kuskurenta bai wuce ƴan mitoci ba. Ana buƙatar intanet ne kawai ranar da za a sauke manhaja da taswirar yanki, misali OsmAnd ko Organic Maps. Ku yi wannan ranar kasuwa, tun kuna gari.

Da safe a kunna manhajar a mashekari, a sa salular a aljihu, da yamma a kashe. Za ta zana hanyar da aka bi, ta faɗi tsawonta. Idan nisan da ke tsakanin ciyawa da rijiya yana ƙaruwa mako bayan mako, shanu masu ciki da masu shayarwa ne za su fara faɗuwa. Lissafin yana nuna lokacin tashi, ko na ware raunana a ba su dusa da harawa, tun ƙashin haƙarƙari bai fito ba.

Amfani na biyu ya fi girma a wurina. Ƙwayar cutar saifa tana zama cikin ƙasa shekaru da dama a inda dabba ta mutu. Wanda ya ga mushe mai jini baƙi a hanci ko dubura, kada ya feɗe shi, kada ya ja shi. Ya sa alama a taswira, ya tura wa likitan dabbobi da zarar ya samu rezo. Haka muke sanin wurin da za a kauce wa da garkunan da za a fara yi wa allura. Kuma idan ciwon huhu ya ɓulla, tsohuwar hanyar da salula ta ajiye tana nuna rijiyoyin da garken ya haɗu da wasu.

Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta amince da cewa yawon kiwo haƙƙin makiyaya ne. Idan gona ta shiga burtali, alamar GPS da hoto suna ƙarfafa ƙorafin da za ku kai wa kwamitin filaye, wato Cofo.

GPS yana shan caji, don haka a danna alamar jirgin sama, a tanadi ƙaramin pano na hasken rana. Sannan inda garke ke kwana sirri ne. Kada a watsa shi a rukunin WhatsApp da ba ku san kowa ba, saboda ɓarayin shanu su ma suna da salula. Ku tura wa likita da shugaban ƙungiyarku kawai.