Matasanmu Masu Zuwa Koyarwa Ƙetaren Iyaka: Ina Rabon Ƙungiyar Manoma?

Ran wata Talata, bayan an watse daga kasuwar Kawo, wani dattijo ɗan ƙungiyar gama kai ta wata ekklisiya da ke kan hanyar Zariya ya biyo ta wurinmu. Muka gaisa, muka tambaye shi gida da amfanin gona, sa'an nan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ɗansa na fari ya gama makarantar horon malamai, ya kuma gama yi wa ƙasa hidima. Maimakon ya nemi aikin albashi, sai ya ce Ubangiji ya nawaita masa ya tafi Jamhuriyar Nijar, wajen Maraɗi, ya koyar a wata ƙaramar makarantar ekklisiya wadda ba ta da malamai, ba kuwa za a biya shi ba. Dattijon ya ce, "Malam, ni ban hana shi aikin Allah ba. Amma wa zai kama mini noma, shi kuma me zai ci a can?"

Tambayar nan ba ta mutum ɗaya ba ce. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo ta gaban dukan ƙungiyoyinmu.

Da mu a ke kawo wa

Tsofaffinmu na Kaduna ba su manta da zamanin da baƙi su ke zuwa koya mana ba. A 1949 limaman Katolika suka buɗe Kwalejin St. John a arewacin kogi, wadda yau a ke kira Kwalejin Rimi, tun da gwamnatin Jihar Tsakiyar Arewa ta karɓi makarantun mishan a 1972. Bayan samun mulkin kai ƙishin ilmi ya ƙaru, malamai kuwa suka yi kaɗan. A 1961 samarin Peace Corps suka fara isowa daga Amurka, ga kuma na VSO daga Ingila. A 1962 'yan'uwanmu na ɗarikar Menonayit suka kafa nasu shirin na aiko da matasa Kirista su koyar a makarantun Afirka, har da na Nijeriya. Yawancinsu shekara biyu ko uku su ke yi.

In ka tambayi wanda ya yi karatu a hannunsu, zai gaya maka ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wanda ya zauna ya daɗe, ya koyi gaisuwa da Hausa, ya ci tuwo tare da yara, har yau ana ambatonsa da alheri. Wanda ya zo a gaggauce, yana ƙidaya kwanakin komawa gida, ko sunansa ba a tunawa.

Ba mu tsaya ga karɓa kaɗai ba. Tun 1948 aka kafa ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa wadda ta zama EMS ta ekklisiyar ECWA. Rabaran Panya Baba, mutumin Karu, ya shugabance ta daga 1970 zuwa 1988, a zamaninsa kuwa ma'aikatanta suka kai ɗaruruwa, waɗansunsu a ƙasashen maƙwabta. A 1975 waɗansu samari masu ilmi suka kafa CAPRO a Zariya. Gwamnati ma a 1987 ta fara aika ma'aikatan sa kai, har da malamai, zuwa ƙasashen Afirka da na waje, su yi shekara biyu. Ashe dai abin da yaron nan ya ke so ba sabon abu ba ne. Hanya ce wadda magabatansa suka share.

Abin da zai tarar

Wanda ya hau mota a tashar Kawo, ya bi ta Zariya da Funtuwa da Katsina, ya ƙetare iyaka a Jibiya, zai sauka cikin mutane masu jin Hausa kamarsa. Wannan babbar dama ce wadda Turawan da ba su samu ba. Amma kada ya ruɗi kansa cewa gida ya zo. A can makaranta lakwal ce, malami kuwa mushe. An daɗe ana karatun boko da Faransanci, kuma ko da ya ke a 2025 hukumar ƙasar ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, mai niyyar koyarwa ba shi da makawa sai ya koyi Faransanci. Kuɗinsu sefa ne. A kan buɗe makarantu a watan Oktoba, a rufe a farkon damina.

Azuzuwa da yawa rumfunan zana ne da kara. Sai an girbe gero an sami kara a ke kafa su, don haka karatu ya kan makara, in ruwa ya sauka da wuri kuma a tashi. Yara a ƙasa su ke zama, littafi ɗaya a hannun mutum uku ko huɗu. Rumfunan nan suna da hatsari ƙwarai. A watan Afrilu na 2021 gobara ta kashe yara wajen 20 a wata makaranta a Yamai, a watan Nuwamba na shekarar kuma wata ta kashe fiye da 20 a Maraɗi.

Sai batun zama da jama'a. Fiye da kashi 98 cikin 100 na mutanen Nijar Musulmi ne, yaran da zai koya wa ma galibinsu 'ya'yan Musulmi ne. A nan ne matashin da ya girma a arewacin kogin Kaduna ya ke da wani guzuri na musamman. Tun rikicin 2000 iyalai Kirista da yawa suka ƙaura zuwa kudancin kogi. Waɗanda suka ragu a Kawo da Malali da Unguwar Rimi sun koyi zama da maƙwabci: gaisuwar suna da ta'aziyya, karɓar naman salla, kame baki a inda ya kamata. Da irin halin nan a ke samun amincewar iyaye. Uban da ya kawo ɗansa a koya masa lissafi, to, a koya masa lissafin sosai. Kada a ɓoye cewa makarantar ta ekklisiya ce, kada kuma a mai da alli abin yaudara. Shaidar malami ita ce zuwa aji a kan lokaci, da haƙuri da yaron da kansa bai ja ba, da amsa gaskiya ga duk wanda ya tambaye shi dalilin zuwansa.

Ba za mu ɓoye muku wuyar abin ba. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka har watanni, a Janairu na 2025 kuma Nijar ta fita daga ECOWAS. Hanyar Katsina kanta tana fama da 'yan bindiga. Saboda haka kada kowa ya tashi don ra'ayin kansa kawai. Sai ekklisiyar can ta gayyace shi a rubuce, ta faɗi inda zai kwana da wanda zai lura da shi. Ya tafi da cikakkun takardu, ya yi allurar shawara da ta sanƙarau, ya bi shawarar 'yan gari kan lokacin tafiya da hanyar bi.

Da ɗan gari a kan ci gari

Akwai wani labari daga Maraɗin nan da ya kamata kowane mai tafiya ya riƙe, ko da ya ke na gona ne ba na aji ba. A 1981 wani saurayi ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo aiki da mishan ta SIM. Ya yi ta rarraba dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In an rage tohon, an bar masu ƙarfi kaɗan, sai su zama itace. Manoma suka gwada, suka gyara dabarar da kansu, suka sa mata suna sassaben zamani. Masana sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kamar miliyan 200 suka farfaɗo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Maganin yana nan cikin gonakin mutane tun tuni, baƙon sai da ya sunkuya ya duba.

Haka makaranta ta ke. Akwai malamin da ya riga ka zuwa, wanda ya yi shekaru yana koyarwa da guntun alli. Akwai uwayen da suka san dalilin da ya sa 'yan mata ke barin aji. Wata uku na fari na sauraro ne. Shi ya sa mu ke cewa tafiyar hutu ɗaya ba ta isa ba. Yara su saba da malami, sa'an nan ya tattara kayansa a tsakiyar shekara, ɓarnar ta fi gyaran yawa. Wanda zai tafi ya ƙudura shekara biyu cur, kafin ya dawo kuwa ya horar da ɗan gari wanda zai gaje shi.

Rabon ƙungiya

Yanzu mu koma ga tambayar dattijo. A Ayyukan Manzanni sura 13, ekklisiyar Antakiya ce ta keɓe Barnaba da Shawulu ta sallame su. Aikewa aikin jama'a ne. Ga abin da mu ke ba ƙungiyoyinmu shawara.

Na fari, gonar uban. Mutum ɗaya ya fita daga gandu, dole a ji raguwar hannu. Ƙungiya ta rubuta a littafinta cewa za ta yi wa gidan gayya sau uku: noman fari, maimai, da girbi.

Na biyu, abincin yaron. A keɓe fili ɗaya da sunan aikin, a noma shi tare. Ku yi alkawari da buhu, kada ku yi da naira, gama canjin naira da sefa ba ya zama wuri ɗaya. A ajiye hatsin da kyau, kada a zubar da shi a kasuwa da kaka sa'ad da ya ke araha. A riƙa sayarwa kaɗan kaɗan, ana aika masa kowane wata ta hannun ekklisiya, ma'aji kuma ya karanta lissafi a gaban kowa. A ware kuɗin motar dawowa tun ranar tashi, kada a taɓa shi.

Na uku, abin hannunsa. Kafin ya tafi ya zauna da manoman ƙungiya ya koyi haɗa takin gargajiya, da renon zogale da rama da kuɓewa a ɗan lambun makaranta, da buga tubali. In iyayen yara suka ga ana iya ta da aji ɗaya na ƙasa a madadin rumfar kara, su da kansu za su kawo ruwa da jakuna. Manzo Bulus ma da sana'arsa ta ɗinkin tanti ya yi yawo.

Na huɗu, kada a manta da shi. A naɗa mutum ɗaya mai kiransa a waya kowane mako, a riƙa ambatonsa cikin addu'a ran Lahadi, zumuntar mata kuma ta riƙa leƙa uwarsa.

Da muka gama bayani, dattijon ya yi shiru. Can ya ce zai kai maganar gaban ƙungiyarsu a taro mai zuwa, in sun ɗauki gayyar, shi ya saki yaron. Muka ce, Baba, haka ya kamata. Ku ma 'yan'uwa, ku sa batun nan cikin taronku kafin saukar ruwa, ku rubuto mana abin da kuka shirya. Ubangiji ya kiyaye masu tafiya, ya sa albarka ga gonakin masu aikewa. Amin.