Zafin bazara da lafiyar kwamfuta a Damargu

A Olelewa, cikin gundumar Tanut, zafin watan Afrilu da na Mayu yakan wuce digiri 40. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 aikin takardu ya ƙaru a ofisoshin karkara, kuma inda kwamfuta ta shiga, cikinta ake ajiye sunayen masu haraji da lissafin kuɗi. Shi ya sa ma'aikata ke tambaya: in ƙwaƙwalwar lissafi ta yi zafi fiye da kima, tana lalata sauran kayan da ke cikin akwatin?

Ita kanta ƙwaƙwalwar ba ta cika ƙonewa ba. Irin ta zamanin nan tana da ma'aunin zafi a jikinta. In ta kusa digiri 100 sai ta rage gudu, in abin ya ci tura ta kashe na'urar gaba ɗaya.

Maƙwabtanta ne ke shan wahala, domin iskar zafin da ta fitar cikin akwatin take zama. Masana sun nuna cewa ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanan kondansater mai ruwa a ciki. Faifan ajiya ba a yi shi don ya wuce digiri 60 ba. Batirin kwamfutar hannu yakan kumbura. Dalmar da aka liƙe kayan da ita kuwa, yawan zafi da sanyi yana tsattsaga ta. A 2008 kamfanin Nvidia na Amurka ya ware kusan dala miliyan 200 saboda irin wannan lahani a kwamfutocin hannu. Ɓarnar ba ta rana ɗaya ba ce, sannu a hankali take ci, kamar gara.

A Damargu ƙurar hunturu ce tushen matsalar. Tana toshe fanka da kafofin iska, bazara ta zo ta tarar da na'urar ba ta numfashi.

Saboda haka ya kamata a busa ƙurar kafin watan Maris, a nisanta akwatin daga bango da hasken rana, a rufe shi da ƙyalle bayan an kashe kawai. In na'ura ta fara mutuwa da kanta, a kai ta wurin mai gyara, ya sake man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya. A kuma ajiye kwafin takardu a wani wuri dabam. Kayan ofis dukiyar jama'a ce, kuma amana ce a hannun ma'aikaci.