YASHIN DA KE CIN TSATSA SHI KE CIN HUHU

Duk wanda ya shiga unguwar kanikawa ta Apo a Abuja zai tarar da motoci iri iri a jere, wasu sun daɗe a ajiye, ruwa ya dake su, rana ta dake su, har tsatsa ta yi musu ja wur. Kafin a yi wa babbar mota ko katafila sabon fenti, tilas ne a kankare tsatsar nan sai an ga farin ƙarfe. Da burushin waya da samfefa aikin yakan ci kwanaki. Shi ya sa mai hali yakan nemi injin feshin yashi, watau tukunyar ƙarfe da ake cikawa da yashi, injin iska ya turo shi ta tiyo da ƙarfin gaske.

To, a nan gizo ke saƙa. Yashin rafi idan ya daki ƙarfe yakan farfashe ya zama ƙura mai laushi wadda ido ba ya gani. Ƙurar nan takan shige can cikin huhu ta zauna, huhu ya yi tabo ya ƙandare. Likitoci na kiran ciwon silikosis, kuma ba ya warkewa. Yakan fara da tari da haki, ya kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Saboda haka ne Ingila ta kafa doka a 1949 ta hana feshi da yashi a masana'antu. A Turkiyya ma sai da samari masu koɗar da wandon jins da yashi suka yi ta mutuwa, sannan gwamnati ta hana aikin a 2009.

Wannan magana ta shafi 'yan'uwa mazauna Kurmi ƙwarai, domin a Ikko da Fatakwal damshi da iskar teku suna sa ƙarfe tsatsa fiye da Arewa, kuma sau da yawa lebura ɗan ci-rani ake miƙa wa tiyo.

Abu na farko, a bar yashin rafi duk da arharsa, a sayi tsakin ƙarfe ko garin dutsen ganet da aka yi domin aikin. In babu, a haɗa feshin da ruwa don ƙura ta kwanta. Na biyu, a kewaye wurin da tamfol, nesa da masu abinci da yara 'yan koyo. Na uku, mai feshi ya sa hular kwano mai rufe fuska duka, wadda ake turo mata tatacciyar iska ta tiyo dabam. Ƙyalle ko rawani a hanci ba ya tare kome. A girke injin iska ta inda iska ke tasowa, kada ya zuƙi hayaƙinsa ya aika wa mai hular, gama hayaƙin nan yana kisa ba sallama.

Har ila yau a ɗaure kowane mahaɗin tiyo da waya, a kuma sa mariƙin da ke tsayar da feshi da zarar hannu ya sake shi. A sa safar hannu ta fata, a toshe kunne. Tsohon fenti kuwa yakan ƙunshi dalma, gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, saboda haka kada a koma gida da kayan aiki a jiki.

Wanda ya daɗe a wannan sana'a, yana tari ko haki, ya je asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa, ya kuma gaya wa likita irin aikin da yake yi. Kan injin in ya lalace ana samun wani a Apo. Huhu kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.