Bayan Tifa Ba Wurin Mai Babur Ba Ne

Masu bin hanyar Kano zuwa Zariya sun san tifar da ke gudu ba tamfol, tsakuwa na zubowa ta baya kamar ƙanƙara. Mai mota asarar gilashi zai yi. Mai babur kuwa, tsakuwa ɗaya a ido, ko yashin da ya zube a kwana, ya isa ya kai shi ƙasa.

Rodi ya fi muni: yakan zarce bayan mota, an ɗaura masa ɗan jan ƙyalle, wani sa'in ma babu, da magariba kuma ba a ganinsa.

'Yan acaba da yawa kan manta cewa direban tirela ba ya ganin wanda ya manne masa a baya ko a gefen dama. Wanda bai hango madubin direba ba, direban ma bai gan shi ba. In tirela za ta sha kwana, takan buɗe kafin ta karya. Kutsawa cikin wannan gurbin ganganci ne tsantsa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana da hurumin tare motar da ba a ɗaure kayanta ba. Mai babur dai ya ba da tazara, ya kuma sa hular kwano.